Shekarar da Muka Zubar da Tukwanen Dalma

Bashiru da Luba, wannan babin naku ne, kuma na san Bashiru zai so ya tsallake shi. Kada ka tsallake. Kun tashi kuna jin ana cewa littafi ne ya fitar da uwarku daga gidan ubanku, wai na yi ta karanta ƙaryar 'yan birni har kaina ya juye, na goya ƙaramar na bar manyan. Kakarku Tumba ce ta fara faɗa, Allah Ya jiƙanta, matan unguwa suka ɗauka suka ƙara wa maganar gishiri, ku kuma kuna ƙanana, ba ku da mai ba ku wani labarin daban. Ban taɓa musawa ba, domin lokacin da ya kamata in musa ina can riƙe da ƙanwarku Nana tana jijjiga a hannuna, bayan nan kuma fushi ya ɗaure min baki. Yanzu hawan jini ya fara ja min kunne, likita ya raba ni da gishiri, ni kuwa na ga alamar ba gishiri kaɗai za a raba ni da shi ba nan gaba kaɗan. Saboda haka ku zauna ku ji. Akwai littafi a cikin maganar, wannan gaskiya ne, amma ba yadda aka gaya muku ba.

Ni 'yar Gummi ce, kun sani, kuma iyakar bokona firamare. Amma na fito da abu ɗaya da ba a iya ƙwace min ba, wato in na ga rubutu sai na karanta, ko da takardar da aka ƙunso ƙosai ce. Da aka kawo ni gidan ubanku, a ƙauyen nan na bayan Anka ta hanyar Bagega, na zo da littattafai a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, kamar mai fasa-ƙwauri. Na ɗauka ni kaɗai ce mai wannan cuta a garin. Sai wata rana ina shanya a bayan ɗaki na ji shessheƙar kuka ta kan katanga. Na taka dutse na leƙa, ina zaton rasuwa aka yi. Sai ga maƙwabciyarmu zaune a kan turmin da ta kifa, littafi a cinya, hawaye shaɓe-shaɓe, tuwo kuma yana ta ƙauri a murhu. Kulu ke nan. Kun san ta, ita ce mai ba ku ƙanzo, kuma yau kun ji dalilin da ƙanzo ba ya yankewa a gidanta.

"Lahiya, baiwar Allah? Wa yam mutu?" na ce.

"Mai jirgin hito na," in ji ta, tana share hanci da bakin zane. "Ya ƙetare da kowa, shi kuma ruwa yac ci shi. Ke, kina karatu?"

"Ina karatu. Kuma wanga littahi da ka hannunki shi nika biɗa tun ina gida. Ga shi kin kashe mani mai jirgin tun ban gane shi ba."

Ta yi dariya hawayen bai bushe ba. A nan kan katangar muka kafa dokar da muka riƙe fiye da yadda wasu ke riƙe azumin nafila: ba a faɗin ƙarshe. Kina iya cewa littafi ya yi daɗi, kina iya cewa zai sa ki kuka ko zai ba ki haushi, kina iya rantsuwa cewa marubucin bai taɓa ganin gona ba, amma ƙarshe na mai karatu ne. Akwai wata amarya da ta shigo cikinmu ta yi mana suɓul da baka sau ɗaya, muka yi damina guda ba mu ba ta ko bangon littafi ba.

Yayata da ke aure a Bukkuyum ita ce rijiyarmu. Tana da mai ba ta hayar littattafai, kuma in ta gama sai ta ƙunso su a tsohon ɗankwali ta ba wani direba da ke zuwa Anka ranar kasuwa, daga nan su iso mu a ƙasan kwandon kayan miya. Mu ma in mun samu namu mu aika mata. Littattafan nan kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma babu azabar da ta kai a ce na biyu ya zo, na uku yana Bukkuyum. Ba ma kiransu da sunan da aka buga musu. Akwai Mai Jan Bango, akwai Mai Warin Kananzir, akwai Wanda Akuya Ta Ci, wanda shafukansa na ƙarshe suka tafi cikin akuyar Kulu, muka shekara kowa na ƙirƙiro nata ƙarshen. Kulu ta fi son wanda za ta yi kuka. Ni na fi son na rigimar gado da masu kaifin baki, inda za a gaya wa mutum magana ya kasa cin abinci. Bayan azahar, in mazaje suna gona, sai ta miƙo kai ta kan katanga.

"Rabi, wanga in ba ki karanta shi ba, ba ki karanta komi ba. Wata mai hura ta a tasha, ambaliya ta raba ta da ɗanta, tana ta biɗa tai."

"Ke ai ko tallan maganin ɓera anka rubuta sai kin yi kuka. Riƙe mani shi. Amshi wanga, 'yan'uwa biyu na ka hwaɗa bisa rijiya guda, ƙaramin bakinai kamar aska."

Haka muka yi shekaru. A ciki na haife ku, ita ma ta haifi nata. Na ƙarshenmu kusan tare suka zo, Nana tawa da Ummaru nata, har muna tsokana muna ce masa mijin Nana. Tare suka yi rarrafe a tsakar gidan nan, tare suke cusa duk abin da suka tsinta a baki.

Sai zinari ya zo. Da ma ana ɗan haƙa a daji, amma a shekarun nan abin ya zama kamar zazzaɓi. Baƙi suka cika gari, masu harsuna iri-iri. Ubanku, wanda bai taɓa sanin komai ba sai gero da dawa, ya jingine fartanya ya shiga rami. Ba zan yi masa ƙarya ba ko da yana kabari: a shekara guda ya rufa mana kwano, ya sayi babur, kuka fara shan shayi da madara. Sai dai dutsen ba a barinsa a daji, saboda ɓarayi. Buhu-buhu ake kawo shi cikin gida. Maza su farfasa, mu mata mu daka a turmi, a kai injin niƙa, a dawo da garin a shanya a tabarma a tsakar gida, nan inda muke shanya tsaki. Dutsen yana da wani ƙyalli kamar tozali, har Luba takan tsinci ƙananan ta yi wasan 'yar tsana da su. Ƙurarsa kuwa babu inda ba ta shiga, randa, gado, gashin kai, har tsakanin shafukan littafi. In na lashi yatsa zan juya shafi nakan ji wani ɗanɗano kamar na tsohon cokali, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Da bazarar shekarar nan yara suka fara faɗuwa. Ba manya ba, ba ku masu wayo ba, ƙananan, masu rarrafe da masu koyon tafiya. Yaro zai yi amai, ya daina wasa, sai kawai ya shiɗe, idanu su kakkafe, jiki ya sanƙare, kumfa a baki. Wani ya farfaɗo, wani ya wuce. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce ta biyo masu haƙa daga rami. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka abin yankawa. Muka ji a Dareta ma haka ne, a Tungar Guru ma haka. Ba zan gaya muku adadi ba don ban ƙirga ba, na dai san an kai lokacin da in kin ji kuka ta kan katanga ba kya tambayar ko littafi ne. Maƙabartar garin ta cika da 'yan gajerun kaburbura, kuma masu haƙa kabarin su ne masu haƙa ramin zinarin, da diga ɗaya.

Rannan wata mota ta shigo da lasifika ta tsaya a bakin kasuwa. Mu muna cikin gida, ba ma fita, abin da ya tsallako katanga ya iso kunnenmu kalma biyu ne kacal, gubar dalma. Gubar dalma ce ke kashe yara. Sauran bayanin iska ta tafi da shi, mazan da suka ji shi duka kuma suka dawo gida suka yi gum, don sauran bayanin bai yi musu daɗi ba. To, ku gaya min, mace a ƙauye in an ce mata dalma, me ta sani? Tukunyar dalma, wadda maƙera ke zubawa, fara sol, wadda kowace amarya ke alfahari da ita. Kakarku ta buga ƙirji.

"Na hwaɗi! Tun randa anka bar tukunyar ƙasa na san za a ga abin da ba a so. Ku hitar mani da su dut!"

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Mata suka yi ta fitar da tukwane, manya da ƙanana, har da na gado, yara suna ɗauka a ka suna kaiwa wani tsohon kududdufi da ya ƙafe a bayan gari. Bashiru, kai ka ɗauki babbar tukunyata ta suna, kana ta murna kana kaɗa ta kamar ganga. Aka nemo masu ginin tukwane, muka koma girki da ta ƙasa, muka ce alhamdu lillahi, an gano cutar. Washegari muka koma kan turmi muka ci gaba da dakan dutse, yara na rarrafe a gindinmu. An bar jaki ana dukan taiki, kuma har da ni, mai karatun, a cikin masu dukan.

Ba a daɗe ba Nana ta shiɗe. Da hantsi ne, ina tankaɗe, na juya na gan ta kwance a gefen tabarmar shanya, ƙafafunta suna harbawa. Ban san lokacin da na fita zaure ba mayafi ba. Ƙanen ubanku ya ɗauke mu a babur zuwa Anka, inda aka ware wani ɓangare na asibiti domin yaran nan. Aka ɗebi jininta, aka fara ba ta magani, aka ce sai mun zauna. Ɗakin cike yake da uwaye irina, kowa ta zuba wa nata ido, ba mai magana da wata. Da na kwance zanen goyo sai littafi ya faɗo, na ukun mai furar nan, wanda na riga Kulu samu. Ashe yana soke a ƙuguna tun safe. Kwanakin farko ban ko dube shi ba. Da Nana ta fara buɗe ido tana karɓar nono, sai na riƙa buɗawa, ba don daɗi ba, don in hana kaina kallon gadon da ke kusa da namu, wanda aka sauya wa yaro har sau biyu.

Akwai wata malamar asibiti, Malama Binta, bakinta irin na Kano, ba ta da yawan fara'a. Ta zo duba Nana sai ta tsaya tana kallon hannuna.

"Kai, har na uku ya fito? Ni a na biyu na tsaya, inda ta sayar da ƙwaryarta ta hau mota. Don Allah kada ki gaya min."

"Mu can garinmu doka ta, ba a hwaɗin ƙarshe," na ce.

Ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta yi wa kowa. Ta ce in ina son masu kaifin baki, in nemi wani na wata tsohuwa mai awo da ta kai 'ya'yanta ƙara, ta ce za ta kawo min. Na ce ta nemi na 'yan'uwa masu rijiya. Muka yi ta yi kamar mun shekara da sanin juna. Ku fahimci wannan: ni ba na iya yi wa mai farar riga tambaya. In sun yi magana, to nake cewa, ko ban gane ba. Amma wadda ta tsaya a na biyu tana jiran na uku, wannan 'yar'uwata ce. Shi ya sa bakina ya buɗe.

"Malama, in tambaye ki. Mun zubar da tukwanen dalma dut, ko guda ba mu rage ba. Mi yas sa ɗiyanmu ba su bar mutuwa ba?"

Ta dube ni kamar ba ta ji ba. Na maimaita. Sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Tukwane? Inna lillahi. Maman Nana, ba tukunya ba ce. Dalmar a cikin dutsen take, dutsen da kuke dakawa a gida. Ƙurar ce gubar."

Ta karɓi littafin daga hannuna, ta buɗe tsakiya, ta ja yatsa a kwarmin da shafuka suka haɗu, ta nuna min. Yatsan ya yi toka-toka, yana ɗan ƙyalli. Ta ce wannan ce yaro ke kwasa a hannu ya kai baki, ƙaramin jiki kuma ba ya iya ɗauka. Ta ce maganin da suke bayarwa yana fitar da ita daga jini, amma in na mayar da Nana tsakar gidan da ake daka, kamar na wanke zane ne na shimfiɗa a cikin taɓo. Ta ce abin da ke wankuwa a wanke, abin da ba ya wankuwa a rabu da shi. Muka dubi littafin tare. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin kaina da na garinmu irin na ranar ba.

Da aka sallame mu na koma gida da Nana a baya, ban ko sauke ta ba. Na tarar ana daka. Ubanku yana zaure yana ɗaure buhu, kakarku tana tsakar gida tana tankaɗen garin dutse da rariyata. Na durƙusa na gaida su, na faɗi abin da aka gaya min, tiryan-tiryan. Na ce a fitar da dutsen daga gida, ko a daji ne, ko a bayan gari. Ubanku bai ɗago ba.

"Na ji wagga magana tun ran da mota taz zaka," ya ce. "In kai shi daji, wa ka tsaro nai? Mi za ku ci? Rai da mutuwa na Allah na, Rabi."

"Ashe ka sani, Malam? Ka sani kab bari muna zubar da tukwane?"

Ya ci gaba da ɗaure buhunsa. Kakarku ce ta amsa, ta ajiye rariyar.

"Ke, rufa muna baki. Dutsen da yar rufa maki kwano shi na guba yau? Littattahan ƙaryan nan sun cinye maki kai. Kin tahi Anka kin samu wata irinki kun zauna kuna tatsuniya."

"Inna, ki yi haƙuri. Ba ni aje ɗiyag ga ƙasan gidanga."

"To ki ɗauke ta ki tahi. Amma Bashiru da Luba ba su zuwa ko'ina," in ji ubanku, kuma a nan ne ya ɗago ya dube ni.

Ga abin da aka sa a gabana, ku auna da kanku. Malama Binta ta ce ƙananan ne ke mutuwa, masu wayo jikinsu ya fi jurewa. In na zauna, ina tare da ku ukun, kuma ina ganin ranar da za a naɗe Nana a ɗan ƙyalle. In na tafi, na tsira da ɗaya na bar biyu. Ba wanda ya ba ni hanya ta uku. Na shiga ɗaki na jawo littattafan daga ƙarƙashin gado, na zuba su a buhu. Luba, kina tsaye a bakin ƙofa kina kallona, kuma na san abin da idonki ya gani ke nan: uwarki za ta tafi, ta tsaya tattara littattafai. Ba tafiya da su zan yi ba. Na ja ku gefe na ce ku riƙa wanke hannu kafin ku ci abinci, kada ku zauna kusa da turmi. Bashiru ya fizge hannunsa.

Na shiga gidan Kulu. Su ma ana daka. Tana zaune a inuwa, Ummaru a cinyarta ya yi laushi, ga littafin mai fura a hannunta, wani na ukun da ya iso mata daga Bukkuyum ina can Anka. Na gaya mata komai. Na ce ta ɗauki yaron ta fita.

"In tahi ina, Rabi? Innata ta rasu. Babana shina cikin ramin nan tare da su. Ke kina da Gummi."

Na ce to ta kai shi Anka, ta ce sai maigidan ya dawo ta roƙe shi. Na ce ta ba ni littattafan da ke wurinta. Ta kwaso ta ba ni, amma ta riƙe na hannunta.

"Bar mani wanga. Saura kaɗan in ƙare."

Ummaru yana tsotsar gefen bangon. Na zare shi daga hannunsu su biyun, na jefa a buhu. Na bi ta bayan gari da Nana a baya, na tsaya a bakin kududdufin nan. Tukwanenmu suna ciki tuli, suna walƙiya a rana, lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa kashe kowa ba. Na juye buhun a kansu, na tura ƙasa da ƙafa iya yadda zan iya. Mai Jan Bango, Wanda Akuya Ta Ci, duka. Daga nan na nufi bakin hanya na jira motar Gummi.

Ummaru bai ga damina ba. An kai shi Anka, amma an makara. Na zo ta'aziyya, na sauka gidan Kulu kai tsaye, ban shiga namu ba don an ce kada in shiga. Ku kuna makarantar allo, ban gan ku ba. Na sami Kulu a ɗaki ta rame, ta zama kamar ba ita ba. Muka yi gaisuwa. Can da mata suka ragu sai ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Rabi, matan nan mai hura. Ta gane ɗanta?"

Na san amsar. A littafin ta same shi, ya girma, da ransa da lafiyarsa. Na dubi tabarmar da Ummaru ke kwanciya, an naɗe ta an jingine a kusurwa. Na rasa yadda zan gaya wa wadda ta binne nata cewa wata ta samu nata, ko da a takarda ne.

"Ba a hwaɗin ƙarshe, Kulu," na ce.

Ta yi wata 'yar dariya da ban so ji ba.

"Hakanan na," in ji ta.

Ba ta sake karanta littafi ba. Yayata ta aika mata, ta mayar da ƙunshin ko kwancewa ba ta yi ba. Da zaman ƙauyukan nan ya gagara saboda 'yan bindiga, su Kulu suka tashi, wasu sun ce min Gusau, wasu sun ce sun ƙetara iyaka. Har yau in na ji ƙaurin tuwo sai gabana ya faɗi.

Sauran kun sani, ko kun san rabinsa. Daga baya an zo an kankare ƙasar gidaje, an zuba sabuwa, an hana daka a cikin gari, kowa ya yarda dutsen ne. Amma kafin nan igiyar aurena ta tsinke, kuma ba wanda ya aiko ya ce Rabi, ashe ke ce da gaskiya. Labarin littafi ya fi sauƙin faɗa, shi aka riƙe. Da na zo ganinku da goron salla, Luba ta ɓuya a bayan kakarta, Bashiru ya gaishe ni kamar baƙuwa. Har yau haka kake gaishe ni, da ladabi, daga nesa. Ban ce ba ku da hujja ba. Kun kwana da yunwar uwa, kuma ba a biyan wannan. Ina dai so ku san cewa kullum na zuba tuwo a Gummi sai na ga kwano biyu da babu.

Nana ta rayu, amma dalma ba ta fita hannu wofi ba. Ga ta nan budurwa, tana shara, tana wanke-wanke, tana da tsabta fiye da ni, amma harafi ba ya zama a kanta. Malamai sun yi iya yinsu sun haƙura. 'Yar da na tsamo da taimakon littafi ba za ta taɓa karanta ko sunanta ba. Sai dai tana son a karanta mata, ta zauna ta jingina da kafaɗata ta yi tsit. Matsalar ita ce labari ba ya daɗewa a kanta. Kafin mu kai tsakiya ta manta farko, sai tsoro ya kama ta, ta riƙa tambaya ko mutanen labarin za su mutu, har ta kasa cin abinci. Da na gane haka sai na sauya. Ni da na yi damina guda ina gaba da mace don ta faɗi ƙarshe, yanzu daga ƙarshe nake farawa. In na je wurin mai hayar littattafai a kasuwa ba na tambayar ko yana da daɗi, tambayata ɗaya ce, ko akwai yaron da ya mutu a ciki. In akwai, ya riƙe abinsa.

Wannan ne ya sa na rubuta babin nan, ba don ku ce na kyauta ba. In na kwanta dama, ɗayanku ne zai ɗauke ta, kuma ba na so ta shiga gidanku a matsayin wadda aka bar ku saboda ita. Ba ita ta zaɓa ba, tana goye. Ku ba ta abinci a kan lokaci, kada ku yi mata tsawa, kuma in ta miƙo muku littafi kada ku ce ba ku da lokaci. Za ta miƙo muku wani mai yagaggen bango, na wata mai fura a tasha. Na sake samunsa bayan shekaru, duka kashi ukun, kuma shi ta fi so. Mun karanta shi ban san iyaka ba, amma duk ranar da na ɗauko shi sai ta riƙe min hannu kafin in buɗe, ta yi min tambayar da Kulu ta yi min. Ku koyi amsar tun yanzu, ga yadda muke yi.

"Inna, ta gane ɗanta?"

"Ta gane shi, Nana."

"Da rai?"

"Da rai."

"To, hwara."